Kwaɗon da ba ya kuka, da yadda ɓera, cuta da zinare suka sa shi a gaba

Kafin mutum ya ga kwaɗo, kukansa yake fara ji. Da ruwan farko ya sauka kududdufai suka cika, dare ya zama nasu, tun daga ƙananan masu tsiwa har burduddugi mai muryar ganga. Saboda haka idan aka ce akwai kwaɗon da bai taɓa yin wannan kuka ba, ba shi da dodon kunnen da zai ji na wani, kuma yana iya ƙare rayuwarsa bai taɓa shiga kududdufi ba, mai sauraro zai iya cewa to wannan ai ba kwaɗo ba ne. Kwaɗo ne kuwa, yana ma cikin waɗanda suka fi kowa tsufa a dangin.

Sunansa kwaɗon Archey, masana kuma suna kiran sa Leiopelma archeyi. A duk duniya ba a samun sa sai a Tsibirin Arewa na ƙasar Niyuzilan, can ma a wurare ƙalilan: tuddan Coromandel, wani zirin ƙasa da ya kutsa cikin teku gabas da birnin Auckland, da dajin Whareorino da ke yamma da garin Te Kuiti, inda ba a ma san yana nan ba sai a 1991. Wani masani mai suna Graham Turbott ne ya bayyana shi a matsayin jinsi mai zaman kansa a 1942, ya raɗa masa sunan Gilbert Archey, shugaban gidan tarihi na Auckland a lokacin. Mutanen Maori, 'yan asalin ƙasar, pepeketua suke kiran kwaɗinsu na gado. Macen, wadda ta fi namijin girma, ba ta wuce milimita 37, wato za ta zauna daram a kan babban yatsanka. Launinta kore ne da ruwan ƙasa da ɗigon baƙi, irin na gansakuka da ruɓaɓɓen ganye, har mutum yana iya zuba mata ido bai gan ta ba.

Me ake nufi da cewa tsohon kwaɗo ne?

Kalmar tana ruɗar mutane. Ba ana nufin halitta ce da ta gaza ko ta tsaya cak ba. Ana nufin jikinsa ya riƙe wasu siffofi da kwaɗin farko suke da su, waɗanda dubban jinsunan kwaɗi na yau suka rabu da su tun da daɗewa. Idan aka ɗauki ƙasusuwansa aka jera su kusa da na kwaɗin da aka tono daskare cikin duwatsun Patagoniya a Ajantina, masu shekaru kusan miliyan 150 ko fiye a ƙiyasin masana, kamannin sai ya ba ka mamaki.

A fara da ƙashin baya. Yawancin kwaɗi gaɓoɓi takwas ne ko ƙasa da haka a bayansu kafin a kai ƙugu, shi kuwa tara gare shi. Yana da 'yan guntayen haƙarƙari da ba su manne da ƙashin baya ba, abin da ya ɓace a galibin kwaɗi. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne tsokar kaɗa wutsiya: tana nan a jikinsa, alhali wutsiyar babu. Harshensa ba ya cillawa waje ya cafko ƙwaro kamar yadda muka saba gani, sai dai ya buɗe baki ya afka wa abincin da dukan jikinsa. Ƙwayar idonsa zagayayya ce. Idan dole ta sa shi iyo, ba ya harba ƙafafun baya tare, sai ya riƙa taka ruwa da ɗaya bayan ɗaya, kansa yana karkata hagu da dama.

Tsallensa ma abin kallo ne. A 2010 wasu masu bincike suka ɗauki hoton bidiyo mai saurin gaske na tsallen kwaɗin wannan tsohon dangi suka kwatanta da na sauran kwaɗi. Kwaɗon da muka sani yana naɗe ƙafafunsa tun yana sama, ya dira a kan hannuwa, ya shirya wa tsalle na gaba. Waɗannan kuwa suna tashi lafiya lau, amma da ciki suke faɗuwa rim, ƙafafu a miƙe, sai sun tsaya sannan su tattara kansu. Abin da masanan suka fahimta shi ne kwaɗi sun riga koyon tashi kafin su koyi sauka.

Sai maganar shirun. Ba shi da fatar maƙogwaron nan da ke kumbura idan kwaɗo yana kiran mace, ba shi da dodon kunne a waje. Iyakarsa ɗan tsiyit idan an kama shi ko an tsorata shi. To yaya namiji da mace ke haɗuwa a daji mai duhu? Alamu sun fi karkata ga ƙamshi. Gwajin da aka yi a kan wani ɗan'uwansa na tsibirin Maud, shi ma a Niyuzilan, ya nuna cewa kwaɗon yana bambance warinsa da na maƙwabcinsa da na baƙon da ya fito daga nesa. Yana kuma da kunnen ciki, wanda ke ɗaukar motsin ƙasa. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Danginsa mafi kusa a wajen Niyuzilan ba a Ostiraliya suke ba, duk da ita ce maƙwabciya. Suna can arewa maso yammacin Amurka da kudu maso yammacin Kanada, wasu kwaɗin ƙoramu masu sanyi da ake kira Ascaphus. Wannan nisa kaɗai ya isa ya nuna tsufan zuriyar: sun rabu ne tun ƙasashen duniya suna haɗe. Yankin da ya zama Niyuzilan ya ɓalle daga babbar nahiyar kudu, Gondwana, kimanin shekaru miliyan 80 da suka wuce, kuma kwaɗo ba ya ƙetare ruwan gishiri, don haka ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne da su ƙasar ta tafi. An kuma tono ƙasusuwan danginsu a St Bathans da ke Tsibirin Kudu, masu shekaru miliyan 16 zuwa 19.

Uba mai goyo

Kwaɗon da muka sani caca yake yi da yawa. Mace ta zuba dubban ƙwai a ruwa ta yi gaba, 'ya'yan su ƙyanƙyashe da wutsiya suna iyo, kifi ya ci, tsuntsu ya ci, rana ta busar da kududdufi, 'yan kaɗan su tsira, kuma kaɗan ɗin sun isa. Kwaɗon Archey ya bi wata hanya dabam. Macen tana yin ƙwai manya, daga huɗu zuwa goma sha biyar, a wuri mai laima ƙarƙashin dutse ko ruɓaɓɓen icce. Daga nan aikin ya koma hannun namiji. Shi ne zai kwanta a kansu makonni yana tsaron su. Matakin nan na iyo a ruwa, a cikin ƙwan ake yin mafi yawansa. Idan suka fito, 'yan mitsi-mitsi da sauran wutsiya, sai su haye bayan ubansu, ya goya su na wasu makonni har wutsiyar ta shanye su zama cikakkun kwaɗi.

Daga nan sai a yi shekara uku zuwa huɗu kafin su balaga. Amma idan suka tsallake ƙuruciya suna daɗewa ƙwarai. An sha sake kama kwaɗo ɗaya bayan fiye da shekara 30, sau da yawa 'yan taku kaɗan daga inda aka fara ganin sa. Halitta ce da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, amma tana iya girme wa ɗalibin da aka turo ya auna ta.

A nan ne lissafin yake, kuma duk sauran labarin a kansa ya rataya. Jinsin da ke haihuwa kaɗan, ya balaga a makare, ya zauna wuri ɗaya, jarinsa shi ne tsawon ran manya. Muddin babba zai rayu shekara ashirin ko talatin yana ƙara 'yan kaɗan kowace shekara, asusu ba ya faɗuwa. Ranar da wani abu ya fara cin manyan, babu rumbun da za a ɗebo a cike gurbi.

Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya

Kafin zuwan mutum, babu dabba mai shayarwa da ke yawo a doron ƙasar Niyuzilan sai jemagu. Maƙiyan kwaɗo tsuntsaye ne da dabbobi masu jan ciki, kuma yawancinsu da ido suke farauta. Maganin mai farauta da ido shi ne ka yi kama da ganye ka daskare. Wannan dabara kwaɗon Archey ya ƙware a kai, ta kuma yi masa aiki na tsawon zamanin da hankali ba ya iya ƙirgawa.

Sai mutanen Polinesiya, kakannin Maori, suka iso a kwale-kwale wajen ƙarshen ƙarni na 13, tare da wani ƙaramin ɓera da ake kira kiore. Ɓera da hanci yake farauta, da dare kuma, daidai lokacin da kwaɗon ke fitowa. Wanda ya daskare a gaban ɓera ya sauƙaƙa masa aiki ne kawai. Ƙasusuwan da aka samu a kogunan dutse sun nuna cewa jinsuna uku na wannan dangi, cikinsu har da waɗanda suka fi na yanzu girma, sun ƙare ƙaf bayan zuwan kiore. Turawa da suka zo daga baya suka ƙaro ɓerayen jirgin ruwa, da ƙananan ɓerayen gida, da aladu, da bushiya, da wata dabba mai hawan bishiya da ake kira fosam daga Ostiraliya, da wata 'yar dabba mai kama da tunku da aka shigo da ita don ta rage zomaye ta koma cin 'yan ƙasa. Aka kuma sare dazuzzuka don katako da kiwo. Har kwaɗi aka shigo da su daga Ostiraliya a ƙarni na 19, jinsuna uku suka zauna, kuma su ne masu kukan da ake ji a Niyuzilan yau. An taɓa samun kwaɗon Archey a cikin cikin ɗaya daga cikinsu.

Yau jinsuna uku na wannan tsohon dangi suka rage, har da kwaɗon Archey. Kwaɗon Hochstetter ya fi yaɗuwa, yana bin bakin ƙoramu. Kwaɗon Hamilton ya tsira ne a tsibirai marasa ɓera, kuma a tsibirin Stephens duk al'ummarsa, ƙasa da 300, ta taƙaita a wani tarin duwatsu da bai kai filin ƙwallo ba, har sai da aka kewaye wurin da shinge don kare su daga tuatara, wata dabba mai kama da ƙadangare wadda ita ma doka ke karewa. Na tsibirin Maud an daɗe ana ƙirga shi jinsi na huɗu kafin binciken ƙwayoyin gado ya mayar da shi cikin na Hamilton.

Shekaru biyar da suka girgiza masana

Ben Bell, malami a Jami'ar Victoria da ke Wellington, ya riƙa komawa wani tudu kusa da Tapu a Coromandel tun shekarun 1980 yana ƙirga kwaɗin wuri ɗaya. Ba don wannan naci ba da babu wanda zai san abin da ya faru, domin kwaɗon da ba ya kuka ba a jin shirunsa. Tsakanin 1996 da 2001 adadin da ke wurin ya faɗi da kashi 88 cikin ɗari.

Zargi ya tafi kai tsaye kan kitrid, wata ƙwayar cuta dangin fumfuna da a daidai wannan lokaci take share kwaɗi a Ostiraliya da Amurka ta Tsakiya. Yadda take kisa ya danganta da yadda kwaɗo yake rayuwa: ta fatarsa yake shan ruwa, ta nan yake daidaita gishirin jininsa. Cutar tana cin saman fatar ta kaurara ta, gishirin jini ya rikice, zuciya ta tsaya. Wani babban nazari da aka buga a 2019 ya danganta ta da raguwar jinsuna 501 a duniya, 90 daga ciki ana jin sun ƙare. An fara ganin ta a Niyuzilan a 1999 a jikin baƙin kwaɗi a yankin Christchurch, sannan a 2001 aka same ta a jikin kwaɗon Archey a Coromandel. Magana kamar ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Da aka kawo kwaɗin Archey masu ɗauke da cutar aka tsare su ana lura, sai aka ga suna warkewa da kansu. Da aka sake shafa musu ita da gangan, suka sake kakkaɓe ta. Akwai hanyoyi biyu na karanta wannan. Ko dai cutar ta kashe masu rauni, waɗanda aka gwada kuma jikokin masu juriya ne, ko kuma ba ita kaɗai ta yi ɓarnar ba, akwai hannun fari da ɓera. A ganina darasin da ya fi amfani ba a sunan mai laifin yake ba. Yana cikin abin da ya biyo baya: annobar ta lafa, amma shekaru da yawa bayanta adadin bai koma yadda yake ba. Lissafin nan ne na ƙwai goma da shekara huɗu.

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi a ajin masu fuskantar matsanancin haɗarin ƙarewa. Ƙungiyar nazarin dabbobi ta Landan kuma, a jerin da take haɗa tsufan zuriya da girman haɗari, ta ɗora shi a lamba ta ɗaya cikin dukkan kwaɗi da danginsu. Hujjarsu ita ce idan aka rasa jinsin da ke da ɗaruruwan 'yan'uwa, reshe aka rasa, idan kuwa aka rasa irin wannan, kusan gindin bishiya ne ya tafi.

Abin da aka gwada

Gwajin da ya fi koyar da mutane a Whareorino aka yi shi. Daga 2003 Hukumar Kare Muhalli ta ƙasar ta riƙa zuba gubar ɓera a wani sashe na dajin, ta bar wani sashen yadda yake, ana ƙirga kwaɗi a duka biyun. Ƙirgar ma aiki ce. Da dare ake fita da fitilar goshi, ana rarrafe taku-taku cikin sanyi da laima, a ɗauki kowane kwaɗo a sa a 'yar jaka, a ɗauki hotonsa a kan wani dandamali mai madubai da ke nuna shi ta kowane gefe, domin zanen jikin kowannensu dabam yake kamar zanen yatsa, sannan a mayar da shi daidai inda aka ɗauke shi. Takalma da kayan aiki sai an wanke da magani, kada mai ceto ya zama mai yaɗa cuta.

Sakamakon da aka buga a 2023 ya zo da daɗi da ɗaci. Inda ake kashe ɓera, manyan kwaɗi sun fi rayuwa kuma adadinsu yana hawa, inda aka bari kuwa yana sauka. Amma ƙananan kwaɗi sun fi mutuwa a sashen da ake kashe ɓeran. Bayanin da masu binciken suka fi zato shi ne ƙananan ɓerayen gida: da aka kawar da manyan da ke danne su, sai suka samu sarari, kuma su suna iya kutsawa ramukan da ƙananan kwaɗi ke ɓuya. An kori kura, dila ya gaji gida. Duk da haka riba ta fi asara, saboda dalilin da aka riga aka faɗa, manyan su ne jarin.

An kuma raba ƙafa. A 2006 aka ɗebi kwaɗi 70 daga Whareorino aka kai dajin Pureora don a kafa sabuwar al'umma, aka ƙara wasu a 2016. Kiwo a tsare kuwa ya ba da wahala fiye da yadda aka zata. Kwaɗin da aka tara a gidan namun daji na Auckland suka riƙa fama da laushin ƙashi, bincike ya nuna akwai hannun sinadarin fulorayid da ke cikin ruwan famfo, tare da ƙarancin kalsiyam a abinci da rashin irin hasken rana da jiki ke buƙata. Sai da aka gyara ruwa da abinci da haske, sannan a farkon 2013 aka sanar da samun 'ya'ya bakwai. Bakwai, bayan shekaru ana fama, kuma aka yi murna kamar an ci kofi.

Zinaren da ke ƙarƙashinsa

Coromandel ƙasar zinare ce tun ƙarni na 19, kuma har yau ana haƙa a garin Waihi. A 2010 gwamnati ta so buɗe wasu filayen da doka ta keɓe don a haƙa, dubun dubatar mutane suka yi zanga-zanga a Auckland, gwamnati ta janye. Maganar ta dawo ta wata ƙofa. Kamfanin OceanaGold ya gano zinare mai yawa a Wharekirauponga, ƙarƙashin wani dajin gwamnati da kwaɗon Archey ke ciki, ya kuma tsara haƙa ta ƙarƙashin ƙasa, ta hanyar rami mai tsawo da zai taso daga wajen dajin. A ƙarshen 2023 ministan albarkatun ƙasa, Shane Jones, ya faɗa a majalisa cewa idan akwai damar haƙar ma'adinai kuma wani makahon kwaɗo ya tare hanya, to sai wata rana, Freddy, sunan da ya laƙaba wa kwaɗon. Kwaɗon dai ba makaho ba ne, idonsa garau, dodon kunne ne ba shi da shi. A Disamban 2024 majalisa ta zartar da dokar gaggauta ba da izinin manyan ayyuka, kuma wannan aiki yana cikin jerin da aka lissafa.

Ba zan ce kamfanin ba shi da hujja ba. Haƙar ƙarƙashin ƙasa ba ta share daji kamar buɗaɗɗen rami, garin Waihi yana cin abinci daga ma'adinai, kuma kamfanin ya yi alkawarin kashe kuɗi wajen yaƙi da ɓera a dajin, wanda gwajin Whareorino ya nuna yana amfani. Inda rigimar ta fi zafi shi ne adadi. Tsohon ƙiyasin da aka daɗe ana ambata shi ne manyan kwaɗi 5,000 zuwa 20,000. Masanan da kamfanin ya ɗauka suka fito da ƙiyasin da ya haura miliyan 50. Tazarar ta yi yawa har ta zama abin dariya, amma tana da tushe: ana ƙirga kwaɗi ne a 'yan ƙananan filaye, sannan a ninka da faɗin dajin da ake jin ya dace da su. Idan filayen da ka zaɓa masu albarka ne, ko ka ɗauka duk dajin haka yake, kuskure kaɗan sai ya zama miliyoyi. Mai yiwuwa tsohon ƙiyasin ya yi ƙasa sosai, domin duk lokacin da aka duba da kyau ana samun kwaɗon a inda ba a zata ba. Sai dai a Tapu ma suna da yawa a 1995.

Sauran damuwar biyu ce. Ta farko ruwa: rami a ƙarƙashin dutse yana iya janye ruwan ƙasa, kuma halittar da ke shan ruwa ta fata, take ajiye ƙwanta a laimar ƙarƙashin dutse, ba ta da inda za ta je idan wurin ya bushe. Ta biyu ita ce wadda na ce a riƙe. Haƙar dutse sai da nakiya, kuma girgizar tana hawowa har saman ƙasa, ba sau ɗaya ba, shekara da shekaru. Kwaɗon da ke jin duniya ta motsin ƙasa, wanda namijinsa ke kwanciya makonni a kan ƙwai ba ya gusawa, yana iya jurewa, yana kuma iya tashi ya bar ƙwan. Kamfanin yana cewa girgizar ba ta kai ta dame su ba, masu adawa suna cewa wanda zai taɓa dajin shi ya kamata ya fara kawo tabbaci. Idan kuma ƙwai suka fara lalacewa, manyan za su ci gaba da bayyana a ƙirga shekara goma ko ashirin, lafiyarsu ƙalau, kafin a lura cewa babu na bayansu.